Dutsen da Saja Mika Ya Fasa

Saja Mika ya baro aikin soja da ciwon gwiwa da kuma hali guda da bai ajiye a bariki ba: in ya ga abu ya tare wa mutane hanya, ba ya samun sukuni sai ya kawar da shi. A rundunar injiniyoyi ya yi aiki, masu kafa gada da gyaran hanya, don haka ko da ya dawo ƙauyensu Tungar Dogo ya rungumi fartanya, idonsa bai daina auna abubuwa ba. Mutanen gari suna girmama shi. In katangar coci ta tsage, ko injin niƙa ya ƙi tashi, shi ake kira.

Tungar Dogo tana gindin duwatsu ne, tafiya kaɗan daga Zuru, kuma tsakaninta da babbar hanya akwai rafi. Da damina ruwa yakan gangaro daga duwatsun nan kamar an koro shi, ya cika rafin ya yi ta ruri, bayan kwana biyu ya janye. Da rani kuwa ba ka ganin komai sai farin yashi shimfiɗe. Amma mace in ta durƙusa ta tona yashin da ƙwarya, kafin hannunta ya nutse zuwa gwiwar hannu ruwa ya fara taruwa, mai sanyi, garau. Da shi ake sha, da shi ake girki, da shi masu lambu suke ban ruwa. Garin ba shi da rijiya ko ɗaya, domin duk wanda ya gwada haƙa sai dagi ya ci karo da dutse. Ba wanda abin ya dama. Ƙauyukan da ke ƙasa da su rafinsu yakan ƙafe tun kafin zafi ya kankama, su riƙa zuwa da jarkoki a kan babura, mutanen Tungar Dogo kuwa su ce Allah ne ya zaɓe su.

Ƙasa kaɗan da mashigar da ake ƙetarewa, akwai wani baƙin dutse da ya gitta rafin daga wannan gaɓa zuwa waccan. Bayan Jaki ake ce masa, saboda yadda ya yi doro. Ta ɓangaren sama yashi ya cika har ya kusa shafe shi. Ta ɓangaren ƙasa kuwa ya fi tsayin mutum, yara suna hawa suna zamiya a kai.

A watan Agusta na wata shekara, Gladys, 'yar Mika ta fari, ta dawo gida haihuwa. Naƙuda ta zo da gardama da sassafe, aka ce sai asibitin Zuru. Sammakon da aka yi bai yi amfani ba, domin an kwana ana ruwa a kan duwatsu, rafi ya kawo. Mika ya tsaya a bakin gaɓa yana kallon yadda ruwan yake zuwa da gudu, ya bugi Bayan Jaki, ya dawo baya ya taru a daidai mashiga yana juyawa. Motar da aka kira tana can ƙetare, direban yana ɗaga musu hannu. Gladys tana kwance a kan tabarma a gindin ɗorawa, uwarta Keziah tana riƙe da kanta. Sai bayan la'asar ruwan ya sauka zuwa ƙirji, maza suka ɗora ta a kan ƙyauren ɗaki suka ƙetare da ita a ka. Gladys ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Mika bai yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ya yi shi ne, duk ranar da rafi ya kawo, sai ya ɗingisa ya je ya tsaya yana kallo. Da kaka ta yi aka gama yankan dawa, ya nemi dagaci ya tara mutane.

"Dutsen nan ne yake riƙe ruwa a mashiga," in ji shi. "In muka yanka masa ƙofa a tsakiya, ruwa zai wuce abinsa. Duwatsun da muka fasa kuma mu shimfiɗa su a mashiga, mota ta daina kafewa a yashi. Ba na son wata mace ta sake kwanciya a gindin ɗorawar nan."

Wanda ya fara goyon bayansa shi ne Maharazu, amininsa, Bakabe ne daga wajen Argungu da ya zauna a garin tun yana saurayi, yana da lambun albasa mafi girma a bakin rafin. "Saja ya yi gaskiya," ya ce. "Bara buhunan albasata a ka munka ƙetare da su ɗai-ɗai. Ni zan kawo tsofaffin tayoyi daga Rikoto can Zuru, a gasa dutsen."

Babu wanda ya ce a'a. Fasto ya sa albarka, liman ya sa albarka.

Bayan Kirsimeti aka fara. Ta ɓangaren ƙasa suka taso wa dutsen, inda fuskarsa take a buɗe. Sai a jibga tayoyi da itace a cinna wuta, dutse ya yi zafi har ya fara ƙara, a kwara masa ruwan sanyi ya tsage, sannan majiya ƙarfi su hau shi da guduma da dagi. Dutse ne mai taurin kai. Wata rana a yini ana duka ba a cire abin da ya fi faifai ba. Mata suna kawo kunu da tuwo, samari suna waƙa da yarensu na C'lela irin ta noman gayya, Mika yana tsaye da sanda yana nuna inda za a sara. Tafin hannunsa ya fashe ya warke ya sake fashewa. A haka ƙofar ta riƙa zurfi tana cin dutsen, har zafin Maris ya shigo.

Ran nan da hantsi, wani ƙato ya zura dagi a wata tsaga can ƙasa, mutum uku suka danna. Dutsen ya yi wata ƙara kamar an karya ƙashi, wani falle babba ya ɓalle ya faɗi. Sai ga ruwa.

Ba tsattsafi ba, ba ɗigo ba. Ruwa ne ya tunkuɗo da ƙarfi, kaurinsa ya kai jikin mutum, ya watsar da wanda ke riƙe da dagin ya faɗi zaune. Masu guduma suka sandare da gudumarsu a sama. Ruwa mai sanyi, fari tas, yana fitowa daga cikin baƙin dutse a tsakiyar rani, yana bin busasshen rafi yana gangarawa.

"Yesu!" in ji wani. Maharazu kuma ya dafe kai yana ta salati.

Kafin azahar garin duka yana wurin. Mata suna guɗa, yara sun tuɓe sun faɗa ciki, tsofaffi suna ɗiba da hannu suna shafawa a fuska. Wata tsohuwa ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin rafin nan yana gudu a wannan wata ba. Samari suka ɗaga Mika sama duk da yana ta faɗa yana cewa su kula da gwiwarsa. Ya tafi neman hanya, ga shi Allah ya ba shi idon ruwa. Ranar Lahadi aka yi addu'ar godiya a coci, aka kira sunansa, Keziah ta yi ta share hawaye da bakin zanenta. Mutanen ƙauyukan ƙasa suka aiko da akuya, domin ruwan ya isa har wurinsu.

An yi kusan mako biyu ana wannan murna. Sannan wata rana da rana tsaka Keziah ta dawo daga rafi ta sauke bokiti, ta tsaya tana murza kafaɗa.

"Baban Gladys, ramin da muke ɗiba a sama, yau sai da na tona har kafaɗata ta shige kafin na ga ruwa."

"Zafi ne," ya ce. "Ki riƙa zuwa ƙofar dutse mana, ga ruwa can yana zuba a banza."

"Can ɗin ma ya ragu. Ba ka lura ba?"

Ya lura, amma ya ɗauka haka idon ruwa yake, yau ya ƙaru gobe ya ragu. Washegari sai ga Maharazu a ƙofar gida, ko sallamar kirki bai yi ba.

"Saja, taho ka gani. Injina na ban ruwa iska yaka ja. Na ƙara tiyo, na ƙara zurfin rami, babu komi."

Suka tafi tare. Lambun Maharazu yana can sama da mashiga. Ramin da yake jefa tiyon injinsa, wanda bai taɓa ƙafewa ba, ya zama busasshen kwari, ƙasansa laka ta fara tsagewa. Mika ya tsaya yana kallo. Sai ya ce a ba shi rodi. Aka kawo masa dogon rodi na gini, ya soka a yashi ya danna har ya ji ya daki abu mai tauri, ya zaro. A bushe. Ya gangara ƙasa kaɗan ya sake sokawa. Nan ma dutse a ƙasa, rodi a bushe. Ya ci gaba da tafiya yana sokawa, Maharazu yana biye da shi. Sai da suka kusa Bayan Jaki sannan bakin rodin ya fito da danshi, ɗan kaɗan, bai fi tsawon yatsa ba.

Mika ya ɗaga kai ya dubi yashin da ya baro, shimfiɗe har inda rafin ya karya kwana. Ya juyo ya dubi ƙofar da suka yanka, inda ruwa yake zuba yanzu kamar bakin buta. Ya zauna daɓas a kan yashi mai zafi.

"Lafiya, Saja?"

"Ba idon ruwa ba ne," ya ce. "Maharazu, ba daga dutse yake fitowa ba. Ruwanmu ne. Ruwan da ke cikin yashin nan ne yake tsiyayewa."

Maharazu ya dube shi, ya dubi ƙofar.

Mika ya miƙe ya manta da gwiwa, ya nufi gari yana ihu a kawo buhuna. Aka cika buhunan taki da laka aka jera a ƙofar, aka danna da duwatsu, maza da mata har faɗuwar rana. Ruwan ya ci gaba da silalowa ta ƙarƙashi. Bayan 'yan kwanaki ya tsaya da kansa, domin babu sauran abin da zai fito.

Abin da ya biyo baya, mutanen Tungar Dogo ba su taɓa saninsa ba. Matan da ake zuwa roƙon ruwa wurinsu, su ne yanzu suke ɗaukar jarka suna bin hanya tun asuba zuwa wani ƙauye mai famfo, su yi layi a bayan baƙi, su dawo rana ta take. Albasar Maharazu ta kwanta ta yi fari tun ba ta yi kai ba. Tumatir da barkonon sauran masu lambu suka ƙone a tsaye. Aka fara sayar da awaki don ba abin da za a ba su su sha. Yara suka fara gudawa saboda ruwan wani kududdufi da suka samo a bayan dutse.

Ba wanda ya zagi Mika. Da ma an zage shi da ya fi masa sauƙi. In ya shigo wuri sai hira ta mutu. Waɗanda suka ɗaga shi sama suka riƙa gaishe shi idonsu a ƙasa. Keziah kan dawo da jarka a ka, wuyanta ya sage, ta sauke ta zuba masa na sha a kofi. Ran nan ya ture kofin.

"Ki ba yara. Ni ban cancanci ruwan nan ba."

"Sha za ka yi," ta ce. "Kai kaɗai ka riƙe guduma? Ni ban kai kunu ba? Ban yi guɗa ba? In ka kwanta ciwo, wa zai gyara abin?"

'Yan garin da ke aiki a Kaduna da Abuja suka haɗa kai suka turo motar haƙa burtsatse. Aka kafa ta a filin makaranta, gari ya kewaye ta. Ta yini tana ruri, tana zura ƙarfe bayan ƙarfe, abin da ke fitowa kawai farin garin dutse ne yana bulbulowa yana rufe mutane. Aka matsa kusa da coci aka sake gwadawa. Garin dutse. Masu motar suka naɗe kayansu suka tafi.

Bayan wannan ne dagaci ya kai kuka Zuru, aka turo wata ma'aikaciyar ruwa mai suna Malama Rufaida, 'yar wajen Argungu, wadda ta karanci ilmin ƙasa da duwatsu. Ta zo a bayan babur da hular rana a kan mayafinta. Ba ta tsaya a filin makaranta ba, ta ce a kai ta inda ake samun ruwa da. Mika ne ya yi mata jagora, dagaci da Maharazu da wasu suna biye.

Da ta hango Bayan Jaki da ƙofar da ke tsakiyarsa cike da buhuna, ta ja ta tsaya cak.

"Innalillahi. Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne," in ji Mika.

Ta juyo ta dube shi, ta ga furfurarsa da sandarsa, sai ta sassauta murya. "Baba, mi ya sa?"

Ya gaya mata labarin Gladys a taƙaice. Ta sauka cikin rafin, ta shafa baƙin dutsen, ta ɗauki wani ɓallinsa ta juya a hannu. Sannan ta hau gaɓa ta ƙwanƙwasa farin dutsen da ke gefe, ta ɗaga kai tana bin duwatsun da suka kewaye kwarin da kallo.

"Baba, can wajenmu ƙasa tana shan ruwa," ta ce. "Dutsenmu na yashi ne, yana da ƙofofi ƙanana, ruwan sama yana shiga ya zauna a ciki. Ko'ina ka haƙa, in ka yi haƙuri, za ka tarar da shi. Nan ba haka ba ne. Dutsenku a dunƙule yake, ruwa ba ya shiga sai in ya sami tsaga, shi ya sa burtsatse ta ba ku gari. Ga kuma gangare. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun can ba ya tsayawa, gudu yake yi ya bar ku."

"To ina muke samun wanda muke sha tun kakanni?" in ji dagaci.

"Ƙarƙashin yashin nan dutse ne mai kwari, kamar kwano. Wanga baƙin dutse shi ne bakin kwanon. Shi ya tare yashi shekara da shekaru har ya cika, yashin kuma ya riƙe ruwan damina a cikinsa, rana ba ta kai gare shi. Ƙauyukan ƙasa ba su da irin wannan dutse, shi ya sa nasu yake ƙafewa. Duk abin da kuke da shi ke nan." Ta nuna ƙofar. "An huda kwanon."

Maharazu ya tsuguna ya rufe fuska da hannu biyu. Dagaci ya ce, "Amma in damina ta sauka ai zai sake cika?"

Malama Rufaida ta girgiza kai. "Ranka ya daɗe, ruwan da ya tafi ba shi ne babbar asara ba. Yashin nake ji. Ruwan farko mai ƙarfi da zai zo, buhunan nan ba za su tsaya ba. Zai bi ta ƙofar nan ya kwashe yashin ya tafi da shi. In yashi ya tafi, ko an yi ruwa kamar me, ba inda zai zauna."

Mika ya ɗaga kai ya dubi gabas. Kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa.

"Me za mu yi?" ya ce.

"A toshe ƙofar da siminti da dutse da rodi, a kafa shi cikin jikin dutsen sosai. Yau, in da hali."

Ba a samu yi a ranar ba, ba a samu washegari ba. Sai da aka aika Zuru neman siminti, aka nemo magini, sannan ga babbar matsala: ba ruwan kwaɓa siminti. Mata suka riƙa kawo jarkokin da za a sha ana juyewa a kwaɓi. Mika yana cikin ƙofar da kansa yana huda dutse yana kafa rodi. Ginin ya kai gwiwa, simintin bai gama kamawa ba, ranar Laraba da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin.

A garin ma ba a yi wani ruwan kirki ba, yayyafi ne. A kan duwatsu aka zuba shi. Suna tsaye a gaɓa suka ji rurin yana tahowa tun kafin su gan shi. Ruwan ya karyo kwana ja wur, ɗauke da itatuwa da kara, ya daki Bayan Jaki. A da yakan taru ya haye ta sama. Yau sai ya tattaru gaba ɗaya ya nufi ƙofar. Sabon ginin bai yi ko gardama ba, ya kife. Sai yashin ya fara tafiya. Suna kallo gaɓar yashi tana ɓallewa tana zubawa cikin ruwa, rami yana buɗewa daga bakin ƙofar yana ci baya, yana faɗi, yana hawa sama zuwa mashiga, ya wuce mashiga, ya nufi lambuna. Wata mata ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Mika ya taka zai sauka, Keziah ta riƙe rigarsa da hannu biyu ta ƙi saki.

Da gari ya waye ruwan ya janye, mutane suka fito suka jeru a gaɓa. Rafin da suka sani babu shi. Abin da ke gabansu wani dogon kwarin dutse ne, santsi, mai zurfi fiye da yadda kowa ya zata, sai ɗan yashi da ya maƙale a gefe-gefe. Tsofaffin da aka haifa a bakin rafin nan ba su taɓa ganin ƙasansa ba sai ranar. Ga tsofaffin ƙorai da fasassun tukwane da suka nutse tun zamanin da, a zube cikin lungunan dutse.

Mashigar kuwa ta gyaru. Ruwa ya daina taruwa, ƙasa ta zama dutse, a daminar nan mota ta riƙa shiga garin har ƙofar dagaci. Ba wanda ya taɓa ambata wannan a gaban Mika.

Da kaka Maharazu ya zo sallama. Ya ce zai koma Dirin Daji wurin ƙanensa, ya sami fili kusa da fadama.

"Ka yafe mini," in ji Mika.

"Ni na kawo tayoyin, Saja. In akwai laifi, tare munka yi shi." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ba ni iya kallon wurin nan kullum. Raina ɓaci yakai." Suka yi musabaha, ya tafi. Gidaje da dama suka bi bayansa a ranin nan.

Waɗanda suka rage suka sake gini, wannan karon da rani, a natse. Malama Rufaida ta dawo ta nuna musu kada su cike ƙofar gaba ɗaya. Ta ce a riƙa ɗaga ginin kaɗan-kaɗan kowace shekara, don ruwa ya ajiye yashi mai tsakuwa ya wuce da laka, domin laka in ta cika wurin ba ta ba da ruwa. Mika ya tambaye ta shekara nawa kafin rafin ya koma yadda yake a da. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba, mai yiwuwa jikokinsa ne za su gani.

Damina ta farko ta ajiye yashi iya ƙugu a bayan ginin, ruwansa ya kai su ƙarshen Disamba. Ta biyu ta ƙara, aka sha har Fabrairu. Lambu dai ba a koma yi ba, an hana kowa jefa inji.

A ranin da ya biyo, wata safiya Mika yana gyaran shingen gonarsa ya ji ƙarar babbar mota a rafi. Ya ɗauki sanda ya gangara. Tifa ce ta ja da baya har kan sabon yashin, samari sun diro da shebur, har sun fara lodi. Direban yana zaune a inuwar motar yana cin rake.

"Ku dakata!" in ji Mika. "Wa ya ba ku izini?"

Direban ya miƙe yana murmushi. "Baba, yashi ne fa kawai. Gini ake yi a Zuru. Ko'ina muna ɗiba, ba mai hana mu."

"Nan akwai mai hanawa. Ku juye wanda kuka ɗora."

"Haba Baba, rafi naka ne?"

Mika ya ɗingisa ya je gaban motar ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da tayar gaba, ya ɗora sandarsa a cinya. Matan da ke ɗiban ruwa suka ajiye ƙwaryarsu suka taho, Keziah a gaba, suka zauna kusa da shi. Wata ta aika a kira dagaci. Direban ya dube su, ya dubi samarinsa, ya tofar da ɓawon rake.

"Wannan gari da abin mamaki yake," ya ce. "Mutane a kan yashi kamar zinariya."

Ya shiga ya ɗaga bayan tifar, yashin ya zube inda aka ɗebe shi. Da motar ta tafi, Mika ya karɓi shebur daga gidan da ke kusa, ya baje tulin daidai, sannan ya koma ga shingensa.